Fim ɗina na 'yan garuwa, da kuɗin ɗaukar biki

A Kurna aka yanke cibiyata, kuma tun ban san ciwon kaina ba na san cewa ruwa a gidanmu sayensa ake yi. Akwai famfo a tsakar gida, amma aikinsa ɗaya, a kansa mahaifiyarmu take shanya tsumma. Duk wanda ya zauna Kurna ko Rijiyar Lemo ko Bachirawa ko Ɗorayi ya san wannan ba sabon labari ba ne.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki. A Zoo Road na koye ta, inda ofisoshin 'yan fim suke, na fara da ɗaukar jakar kyamara da riƙe fitila a lokeshin, a sallame ni da kuɗin mota. Sa'ad da na shiga, kasuwar faifai ta riga ta kama hanyar mutuwa. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990, ta yi tashe da kaset sannan da CD, ta koma dogaro da tashoshi irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014, da kuma masu dogon zango a YouTube. Yara irina da yawa suka watse. Ni na koma biki, don amare ba sa ƙarewa a Kano. Kamu, dina, wunin biki, buɗar kai, da su nake ci da kaina da iyalina har yau.

Wajen ƙarshen 2022 tunanin dokumentari, wato fim ɗin rayuwar zahiri ba wasan kwaikwayo ba, ya shige ni. Abin da ya jawo shi haushi ne. Duk shirin da na kalla a kan Kano, na gida ko na waje, abu uku ne ake jujjuyawa: marinar Ƙofar Mata, hawan sallah, da Kasuwar Kurmi. Duk gaskiya ne, duk namu ne, amma mutumin da ke shayar da rabin unguwanninmu da ƙarfin ƙirjinsa ban taɓa ganin an ajiye masa kyamara an ce ya yi magana ba. Na kai maganar wurin wani furodusa da na taɓa yi wa aiki. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "To waye jarumin? Waƙa nawa ce a ciki?" Da na ce babu ko ɗaya, sai ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, mutumin da ya wuni yana cigiyar mai ruwa, shi kake so ya zauna da daddare ya kalli mai ruwa?" Ban ji daɗi ba, amma a lissafin kasuwa bai yi ƙarya ba. Na leƙa gidauniyoyin waje masu tallafa wa irin wannan aiki, kamar asusun Bertha na bikin baje kolin finafinai na IDFA da ke Amsterdam. Na tarar ana son dogon bayani da Turanci, da kasafin kuɗi, da ɗan samfurin abin da ka riga ka ɗauka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai na yanke cewa duk bikin da na ɗauka zan ware wani abu, abin da ya taru shi ne jarin.

Kayan aikina ba su da yawa. Canon 600D ce ta hannu, da gilashin da take zuwa da shi, da wani mai milimita 50 wanda shi ne mafi arha a gilasan Canon kuma yana gani a duhu-duhu. Sai ƙafar kyamara da ɗaya daga cikin makullanta ya karye na ɗaure da roba, da ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga da nake jonawa a tsohuwar waya. Na tambayi kuɗin hayar jirgin ɗaukar hoto daga sama, da na ji farashin sai na hau Dutsen Dala da ƙafata na ɗauki gari da hantsi. Ya wadatar.

Kafin in kunna komai sai da na bi ta hannun manya. Tun bayan harin 20 ga Janairun 2012, fito da kyamara a titin Kano ba tare da an san da kai ba neman fitina ne, ko 'yan sintirin unguwa sai sun tare ka. Na fara da mai unguwa, na je da kawuna wanda suke sallah a masallaci ɗaya. Na je Hukumar Tace Finafinai ta jiha, wadda aka kafa a 2001, na tambayi ƙa'idar rajista da izini na bi. Takardun suna aljihuna kullum a cikin leda.

Amma takarda ba ta sa ɗan garuwa ya buɗe baki. Ranar da na fara zuwa bakin rijiyar burtsatsen da suke ɗiban ruwa, kallo ɗaya suka yi wa jakata hira ta mutu. Wasu sun ɗauka ma'aikacin haraji ne. Waɗanda suka fito daga Maraɗi da Damagaram, kuma su ne da yawa, sun zaci takardun zama aka zo bincike. Masu wayon cikinsu kuwa sun riga sun yanke hukunci: Turawa sun ba ni daloli in ɗauki hoton talauci in kai musu. Wannan zargin na ƙarshe shi ya fi wuyar wankewa, don ba daga sama suka ƙirƙiro shi ba. Sun sha ganin masu zuwa da farar mota su ɗauki hoto su tafi, shi ke nan.

Sai na daina zuwa da jaka. Bayan sallar asuba in zauna a teburin mai shayin da ke kallon rijiyar, in sha shayina, in gaishe da kowa, in tafi. Haka na yi ta yi har sanyin hunturu ya kankama. Akwai wani dattijo a cikinsu, mutumin wani ƙauye ne a bayan Maraɗi, shi ke raba musu gardamar layi, kowa Baba yake ce masa. Wata rana ya zauna kusa da ni, ya karya burodinsa ya miƙo mini rabi, ya ce, "Yaro, kai ba ka da aikin yi ne?" Na ce, "Baba, aikin ke nan nake yi, jira nake ku gaji da ganina." Ya ce, "To mun gaji. Me za ka ba mu?"

A nan muka yi cinikin da ya riƙe fim ɗin gaba ɗaya. Na gaya masa ba zan biya kowa kuɗin magana ba, don wanda aka biya ya yi magana abin da mai biya yake son ji zai faɗa. Amma lokacinsu kuɗi ne, wannan ban musa ba. Muka daidaita cewa duk wanda na tsayar don hira, zan sayi ruwan kurarsa duka a farashin ranar, a juye a randunan masallaci ko makarantar allo. Shi bai yi asara ba, ni ban sayi bakinsa ba. Da na zauna lissafi daga baya, kuɗin ruwa da shayi da burodi sun fi duk abin da na kashe a kan na'ura.

Kurar Baba jarka 12 take ɗauka, irin rawayen nan da aka gama da man girkinsu, kowacce lita 25. Kilo 300 ke nan, ban da nauyin ƙarfen. Akwai wani lungu mai ɗan tudu da yake bi, kwata ta cinye gefensa. In ya iso gindin tudun sai ya tsaya, ya tofa yawu a tafin hannu, ya cire silifas ɗinsa ya sagale a hannun kurar, don roba tana zamewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sannan ya sunkuya har haɓarsa ta kusa taɓa jarkar farko, ya tura da ƙirji. A tsakiyar tudun yana da wani dutse da ya ajiye tun shekarun baya, da ƙafa yake shuro shi ƙarƙashin taya ya huta, ya ja numfashi, ya ci gaba. Yaran lungun sun san dutsen Baba ne, ba mai taɓa shi. Na kwanta a ƙasa da kyamara na ɗauki ƙafafun nan, kaushin dunduniya da jijiyoyin ƙwauri. Babu wata hira a fim ɗin da ta faɗi abin da wannan hoton ya faɗa.

Abin da ya fi ba ni wuya sauti ne, kuma duk mai niyyar irin wannan aiki a Kano ya sa wannan a gaba. Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji abin da ake faɗa ba, wucewa zai yi. Garinmu kuwa ba ya shiru. Janareton rijiya na ruri, injin markaɗe na kuka, lasifikar mai maganin gargajiya na zagayawa, ga a-daidaita-sahu da suka cika gari tun da aka hana acaɓa a 2013. Lokacin da na samu mai kyau shi ne tsakanin sallar asuba da fitowar rana, sai kuma safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, da ake tsayar da ababen hawa na 'yan awoyi. Manyan hirarrakina duk a irin wannan safiyar na yi su. Iskar hunturu na magance ta da gashin wata tsohuwar 'yar tsana da na yanka na naɗe makirfon. Kafin kowace hira in tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, don in samu inda zan haɗa sautin waya da hoto. Wata rana kuma na manna makirfon a ƙarƙashin kura da salatif, na bar Baba ya yi zagayensa. Ƙarar ruwa a cikin jarka da kukan taya da numfashinsa, su suka zama kiɗan fim ɗin, tunda ba ni da kuɗin sayen na kowa.

Kyamarar ma da halinta. Ba ta wuce wajen minti 12 a ɗauka ɗaya sai ta tsaya da kanta, don haka idona ɗaya na kan mai magana ɗaya na kan agogo. A hazo ba na canja gilashi sai a cikin leda. Da bazara ta shigo, azumin 2023 ya faɗo a Maris da Afrilu, sai ta riƙa ɗaukar zafi tana gargaɗi, in lulluɓe ta da hirami mu jira ta huce, mu da muke da ƙishirwar ba wanda ya lulluɓe mu.

Ban tsara canjin kuɗi a cikin labarin ba, shi ya zo ya same ni. A Fabrairun 2023, da tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 suka zama abin gudu, sababbin kuma suka ƙi samuwa, 'yan garuwa na cikin waɗanda abin ya fi daka. Yawancinsu ba su da asusun banki, ruwa kuwa ba a jinkirta sayensa. Na ɗauki bangon wani zaure da aka cika da zanen gawayi, kowane layi jarka ɗaya ce ta bashi. Na ɗauki matar da ta biya da kwanon garin masara. Wasu ana tura musu kuɗin a asusun mai shayi ko mai POS, a cire lada kafin ya iso hannunsu. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Masu rijiya da janareto suke jan ruwa, suka ƙara kuɗi. 'Yan garuwa suka ƙara, kuma su ne suke tsaye a ƙofar gida, don haka su suka sha zagin. Da mai kuɗi ne ya aiko ni in gama a mako biyu, duk wannan ba zai shiga ba. Rashin kuɗin ne ya sa na daɗe, daɗewar ta sa abin ya faru a gabana.

Rabin labarin ruwa a cikin gida yake, wurin mata, ni kuwa iyakata zaure. Ƙanwata ce ta fitar da ni. Na koya mata riƙe waya da hannu biyu, da tsayawa ta ba taga baya, da barin mutum ya gama magana kafin ta yi tambaya. Na saita mata wayar a kan hoto 25 a daƙiƙa, daidai da kyamarata, don wutarmu mai bugu 50 ce, in ba haka ba ƙwan lantarki sai ya riƙa rawa a hoton. Sharaɗin da masu gida suka gindaya shi ne ban da fuska, muka amince. Ta dawo mini da hannaye: hannu na auna ruwan wanke-wanke da kofi, hannu na tara ruwan ɗauraya don a zuba a banɗaki. Da muryar wata tsohuwa tana cewa, "'Yar nan, ni a gidan nan na fi sanin lissafin ruwa da na cefane." Da ta kawo mini katin sai ta ce, "Yaya, sunana fa sai ya fito babba." Ya fito.

Da damina ta kama, Baba ya koma gida noma kamar yadda 'yan ci-rani suke yi, da alkawarin zai dawo bayan kaka mu yi hirar ƙarshe. Sai ga juyin mulkin Nijar ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ta tsaya. Ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Matasan cikinsu sun riƙa ɓullowa ta daji, shi kuwa ya aiko cewa ƙafarsa ba ta wannan ba ce yanzu. Na yi amfani da watannin wajen tacewa.

Tacewar ba abin da zan daɗe a kai ba ne, wahala ce irin wadda kowa ya sani. Manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve na yi amfani da ita don akwai ta kyauta, amma kwamfutata ba ta iya jan hotunan sai da na yi musu ƙananan kwafi na aiki da su. Wuta in ta zo tsakar dare, tsakar dare nake tashi. In ta ƙi zuwa, in tafi shagon wani abokina mai sola a Farm Centre in zauna a kan benci. Komai a ma'ajiya biyu nake ajiyewa, ɗaya a gidana ɗaya a gidan kawuna, kuma ta biyun na saye ta ne bayan dala ta wuce naira 1,500, har yau ina jin zafin kuɗin. Fassarar Turanci ta ƙasan hoto wani ɗalibin Jami'ar Bayero ne ya taya ni, ladansa na ɗaukar masa bikin yayarsa kyauta.

Baba ya dawo bayan ƙaramar sallah, ya rame, muka yi hirar. Na riga na ɗaukar musu alkawari cewa su za su fara gani kafin kowa. Na yi hayar majigi, na sayi mai a janareto, muka ɗaura farin yadi a bangon Islamiyya bayan isha'i. Ban taɓa ganin 'yan kallo masu surutu irin waɗannan ba. Duk wanda ya fito sai an kira sunansa an yi shewa. Da aka zo wurin tudu, yara suka riƙa ihu, "Dutsen Baba! Dutsen Baba!" Shi kuwa ƙorafinsa ɗaya, wai na nuna shi da yagaggiyar riga alhali yana da ta Juma'a.

Ƙorafi mai nauyi daga mai rijiyar ya zo. Ya ce na sa 'yan garuwa sun yi ta kukan ƙarin kuɗi, ban nuna abin da shi yake kashewa a mai da gyaran famfo ba, na mai da shi azzalumi a idon unguwa. Ya nemi in cire duk inda rijiyarsa ta fito. Na ce, "Alhaji, cirewa ba za ta yiwu ba, amma ga kyamara, ka faɗi naka." Ya yi kwanaki yana ja, mai unguwa ya sa baki, daga ƙarshe ya zauna ya fito da littafin lissafinsa ya karanta da bakinsa. Fim ɗin ya ƙara tsawo, ya kuma ƙara kyau, don yanzu mai kallo ba ya samun wanda zai zaga cikin sauƙi.

Bayan an tace shi a hukuma na shiga neman inda zan kai. A bukukuwan baje kolin finafinai, akwai iREP a Legas da dokumentari kaɗai ya sa a gaba, akwai Zuma a Abuja, akwai KILAF a nan Kano. Na ƙasashen waje yawanci ta shafin intanet na FilmFreeway ake aikawa, kuɗin shiga da dala, katin nairata kuwa a lokacin ba ya biya a waje, sai na roƙi wani ɗan unguwarmu da ke karatu a Masar ya biya mini guda biyu. Duka biyun sun amsa da godiya da ban haƙuri. Na ɗora shi a YouTube, inda sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara raba kuɗin talla da kai. Ban kai ba tukuna. Jarina bai dawo ba, kuma na daina lissafin ranar dawowarsa.

Wata rana a bakin tashar Ƙofar Ruwa na ji muryar Baba tana fitowa daga rumfar masu tura finafinai a waya. Na leƙa, yaron ya ce, "Oga, na 'yan garuwa ne, yana tafiya sosai, 'yan Nijar ne ke saye su kai gida." Bai san ni ba. Kwafin da yake turawa ya dagargaje, sauti ya riga hoto da kusan daƙiƙa guda, an yanke ƙarshen inda sunayenmu suke. Na fara yi masa faɗa, sai na ga ba inda faɗan zai kai ni, don ko na hana shi akwai irinsa a kowane lungu. Washegari na koma da kwafi mai kyau da na matse ya yi ƙanƙanta yadda ƙaramar waya za ta ɗauka, sauti daidai, sunan ƙanwata a farko maimakon ƙarshe. Na ce ya goge wancan ya riƙa tura wannan, ya kuma ba 'yan uwansa na sauran rumfunan. Ya tambaye ni nawa zai biya, na ce ya bari kawai, amma duk ɗan garuwar da ya zo kada ya karɓi kuɗinsa.